Ga Likitocinmu Masu Zuwa Taro Montiriyal A Wannan Kaka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da abokan aikinmu, likitoci da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna na Jos da Abuja, waɗanda ke shirin zuwa tarukan kiwon lafiya a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada tsakanin Satumba da Nuwamba.

Abu biyu ke damunmu game da irin wannan tafiya. Wani zai je ya dawo bai ga komai ba sai zauren taro da ɗakin otal, alhali ya sauka a garin a makonnin da ya fi kyau a duk shekara. Wani kuma zai karɓi kuɗin guzuri, ya yi rajista ranar farko, daga nan ba a sake ganinsa sai a hotuna. Na farkon ya yi asara. Na biyun ya ci amanar majinyatan da aka ɗage wa ranar ganin likita, da abokan aikin da suka riƙe masa kwanan asibiti. Ana iya halartar taro cikakke a kuma ga gari, in dai an yi lissafin hasken rana tun daga gida. Mun bar sunayen tashoshi da tituna yadda suke a jikin alluna, don da su za a yi tambaya.

Tafiyar tun a wajen biza take lalacewa. A taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a wannan birni daga 29 ga Yuli zuwa 2 ga Agustan 2022, wakilai da yawa daga Afirka ba su samu biza a kan lokaci ba, har batun ya zama abin ƙorafi a bainar jama'a. Saboda haka ranar da aka karɓi taƙaitaccen bincikenka, ranar za ka fara cike takarda. Kuɗin biza dalar Kanada 100 ne, na ɗaukar hoton yatsu 85, kuma a Abuja ko Legas ake ɗaukar yatsun. Nemi masu shirya taron su sa lambar da hukumar shige da fice ta Kanada ke ba manyan taruka a cikin takardar gayyatarka. Haɗa da takardar izinin tafiya daga wurin aiki mai ɗauke da ranar dawowa, da shaidar wanda zai biya kuɗin. Kuɗin da aka zuba a asusu dare ɗaya kafin a buga bayanan banki ya fi jawo zargi fiye da albashi kaɗan mai shigowa kowane wata.

Babu jirgi kai tsaye daga Abuja. Sai an yada zango a Faris, ko Firankifot, ko Landan, ko Santambul, ko Kasablanka. Kada arha ta ja ka ka sayi tikitin da ya bi ta Amurka in ba ka da bizarsu, domin ko fita daga filin jirgi ba za ka yi ba sai an neme ta. Kilishi da dambun nama kuma a bar su a gida. Ba a shiga da nama daga ƙasarmu, kuma wanda ya ɓoye abinci bai bayyana ba tararsa na iya kaiwa dala 1,300. Duk abin ci da ke jakarka, ko yaji ne ko kuka, faɗa musu su yanke hukunci da kansu.

Daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 20 ne. Bas mai lamba 747 tana aiki dare da rana, kuma a injin da ke cikin filin ake sayen tikitinta, don direba ba ya karɓar kuɗin takarda. Tikitin yana aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa da sauran bas-bas har awa 24. Wanda zai yi kwana uku ko fiye, katin kwana uku ya fi masa sauƙi.

Yanzu ga lissafin da komai ya rataya a kansa. A farkon Oktoba rana na fitowa wajen bakwai saura, ta faɗi shida da rabi. A ƙarshen watan sai bakwai da rabi take fitowa, shida saura kwata ta faɗi. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ka ga duhu tun kafin biyar. Taro kuwa yawanci daga takwas ko takwas da rabi yake zuwa biyar ko shida. Wanda ya ce sai an tashi zai je kallon ganye, zai iske magariba ta riga shi. Hasken da ya rage wa mai taro uku ne: sanyin safiya, hutun cin abincin rana, da yini guda da zai ƙara kafin taro ko bayansa da kuɗin aljihunsa.

Safiyar ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Agogon Najeriya na gaba da nasu da awa 5, daga Nuwamba kuma 6. A kwana biyu ko ukun farko jikinka zai tashe ka tun ƙarfe uku ko huɗu na dare ko ba ka so. Maimakon juye-juye a kan gado, yi sallar asuba ka nufi dutsen da garin ya samo sunansa, wato Mont Royal. Tsayinsa mita 233 kacal, wanda ya taɓa hawa duwatsun Shere ba zai kira shi dutse ba, amma a tsakiyar gari yake kuma itatuwa sun lulluɓe shi. Sauka a tashar Peel ta koren layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, bi titin Peel sama har ya ƙare a avenue des Pins, kusan minti 15. Daga nan matakala ce ta katako mai hawa ɗaruruwa, wata minti 15 zuwa 20, har farfajiyar da ake kira Belvédère Kondiaronk. Daga can ana ganin dogayen benaye, da kogin Saint-Laurent, da gadojinsa. Mai ciwon gwiwa ko haki ya bar matakalar ya bi chemin Olmsted, hanya mai faɗi da ke hawa a hankali, mai sunan mutumin da ya zana lambun da aka buɗe a 1876. Ta fi tsawo, sai a ba ta awa guda. Wanda ya bar otal shida da rabi zai ga gari da hasken safiya daga sama, ya sauko ya yi wanka, ya riski zaman farko in an fara takwas da rabi kuma masaukinsa na kusa.

Abin da ake zuwa gani ya cancanci a bayyana shi, tunda kakarsu ba irin tamu ba ce. Mu kakarmu girbi ce, da ciyawa mai bushewa, da hazon da ke tafe. Su kuwa daji ne ke sauya launi gaba ɗaya. Idan yini ya gajarta, itace ya daina sabunta sinadarin da ke sa ganye kore. Da koren ya gushe sai ruwan ɗorawa da ruwan goro da ke ɓoye a ƙarƙashinsa tun farko su bayyana. Jan kuwa sabo ne, ganyen ke haɗa shi daga sukarin da ya maƙale a cikinsa, shi ya sa shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi marar ƙanƙara jan ke fin ƙarfi. Itacen da ya fi yin wannan ja shi ne mapul, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, su kuma suna ce masa érable. Launin daga arewa da kan tuddai yake farawa a ƙarshen Satumba, ya gangaro cikin gari wajen mako na biyu na Oktoba. Iska mai ƙarfi da ruwan dare ɗaya na iya kakkaɓe rabinsa. Hukumar yawon buɗe ido ta lardin Kebek, wanda Montiriyal ke cikinsa, na fitar da taswirar launin ganye a intanet tana sabunta ta a kai a kai, a duba ta kafin a biya kuɗin mota zuwa ko'ina. Wanda taronsa ya faɗa tsakiyar Nuwamba ya cire rai, rassa kawai zai tarar.

Mu mutanen Jos muna da wani kuskure namu na musamman: mun ɗauka mun san sanyi. Sanyin hunturunmu busasshe ne, kuma rana na fitowa ta kore shi kafin hantsi. Na Oktoban Montiriyal da danshi yake zuwa, da iska daga kogi. Da rana zafin kan tsaya wajen digiri 12 ko 13, da asuba ya sauko 4 ko 5, a ƙarshen wata yana iya taɓa sifili. Rigar sanyi ɗaya mai kauri ba ta magance shi, don cikin zaure da jirgin ƙasa akwai ɗumi, sai ka yi gumi, ka fito iska ta buge ka. A sa tufafi hawa uku: mai manne wa jiki a ciki, suwaita a tsakiya, sai wadda ruwa ba ya ratsawa a sama, yadda za a iya cire ɗaya a mayar. Kaftani da babbar riga suna zama daidai a kan na cikin. Hula ta rufe kunne, takalmi ya zama rufaffe mai kama ƙasa, domin jiƙaƙƙen ganye a kan matakalar katako ko daɓen duwatsun tsohon gari santsi gare shi ƙwarai. 'Yan'uwa mata masu doguwar abaya su lura da bakinta wajen saukowa. Na'urar ɗumama ɗaki na busar da iska kamar tsakiyar hunturu, leɓe ya tsage, wani har haɓo, don haka man kaɗe ya shiga jaka.

Hutun rana na tsohon gari ne. Yawancin manyan taruka a Palais des congrès ake yi, wanda ke kan tashar Place-d'Armes ta layi mai ruwan lemo. Minti biyar a ƙafa ya kai ka dandalin Place d'Armes da majami'ar Notre-Dame da aka gina tsakanin 1824 da 1829. Daga nan gangara titin Saint-Paul zuwa Place Jacques-Cartier, ka fita bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, ka dawo. Zagayen bai wuce minti 45 ba in ba a shiga ko'ina ba. Gidan tarihin Pointe-à-Callière na nan a daidai inda aka kafa garin a 1642, amma yana son awa biyu, a bar shi sai ranar da babu zama. Gidajen tarihi da dama ba sa buɗewa ranar Litinin.

Akwai ziyarar da muke ganin ta fi kowacce dacewa da ma'aikacin lafiya, kuma ita aka fi mantawa. Cikin mutum biyun da suka kafa garin, ɗaya mai jinya ce, Jeanne Mance, wadda ta assasa asibitin Hôtel-Dieu. An mayar da asibitin avenue des Pins a 1861, kuma a jikinsa akwai gidan tarihi mai suna Musée des Hospitalières, inda aka ajiye kayan aikin jinya da na haɗa magunguna na ƙarnonin baya. Ci gaba da bin titin har harabar Jami'ar McGill. A can shahararren likita William Osler ya kammala karatun likita a 1872, ya koyar har 1884, kuma ɗakin karatun tarihin likitanci mai sunansa na nan. A can ne Maude Abbott ta tattara zukatan da ta yi nazarinsu ta fitar da kundinta na cututtukan zuciya da ake haihuwar yara da su a 1936, kuma akwai ƙaramin gidan tarihi da sunanta. A can ne kuma Wilder Penfield ya kafa cibiyar ƙwaƙwalwa a 1934, inda ya riƙa yi wa masu farfaɗiya tiyata suna farke, yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa da ƙaramar wutar lantarki yana tambayarsu abin da suka ji. Zanen ɗan mutum mai manyan hannaye da leɓɓa, mai nuna rabon sassan jiki a ƙwaƙwalwa, da kowannenmu ya haddace a aji biyu daga wannan aiki ya fito. Waɗannan wurare ba kasuwa ba ne, a rubuta musu tun daga gida a tambayi ranar da suke karɓar baƙi. Mai son ganin asibitin zamani kuma, babban asibitin koyarwa na CHUM na tashar Champ-de-Mars, tasha ɗaya daga zauren taro, sai dai ta hannun masu shirya taro ake neman shiga.

Da dare abu ɗaya ne duhu ke ƙara wa kyau. Lambun tsirrai na Jardin botanique, wanda aka kafa a 1931, na tashar Pie-IX ta koren layi, kuma a Satumba da Oktoba suna kunna fitilu masu siffofi a cikinsa, abin da suke kira Jardins de lumière. Tikitin na da sa'ar shiga, na ƙarshen mako kan ƙare da wuri.

Ga yinin da aka ƙara, zaɓi biyu muke ba da shawara. In taron ya zo a ƙarshen Satumba ko makon farko na Oktoba, a nufi arewa, tuddan Laurentides har Mont-Tremblant, kusan kilomita 130, awa biyu ba kaɗan a mota. A guji ƙarshen makon da ke haɗe da Litinin ta biyu ta Oktoba, ranar hutun godiyarsu, don hanya cushewa take yi, masauki ya yi tsada. In an wuce haka, birnin Kebek ya fi: kilomita 250, awa uku da 'yan mintuna a jirgin ƙasa na VIA Rail daga babbar tashar Gare Centrale. An kafa shi a 1608, ganuwarsa na tsaye, kuma a bakinsa akwai magangarar ruwa ta Montmorency mai tsayin mita 83, wadda ta ɗara ta Niyagara tsawo. Jirgin farko za a kama, a dawo da na yamma. Ita Niyagara ɗin a cire ta daga lissafi, ta haura kilomita 600, zuwa da dawowa sun cinye kwana biyu.

Wanda zai yi hayar mota ya san cewa hannun tuƙi irin namu ne, amma alluna da Faransanci suke. A tsibirin Montiriyal ba a karya kwana dama in danja ta nuna ja. Motar 'yan makaranta kuma in ta tsaya ta kunna jajayen fitilu, na bayanta da mai fuskantarta duk tsayawa suke yi. Wanda ya shiga daji ko gonakin tuffa na kudancin lardin ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya duba jikinsa da dare. Kaskar da ke ɗauke da cutar Lyme na yawo har cikin kaka, kuma cire ta cikin awa 24 na rage haɗarin sosai.

Tunda maganar lafiya ta shigo: baƙo ba ya cikin inshorar lardin, kuma kwana ɗaya a asibiti na iya cinye guzurin tafiyar duka, don haka a sayi inshorar tafiya. Likita ma sauro na cizonsa. Zazzaɓin da ya taso kwana uku bayan sauka a ɗauke shi na cizon sauro ne har sai gwaji ya ƙaryata, kuma a faɗa wa duk wanda ya duba ka daga inda ka fito. Maganin da muka saba saye a kemis ba ya samuwa a can haka kawai, a tafi da cikakken zubi ɗaya. Kowane magani ya zauna cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Masu ƙarfi irin su kodin da tiramadol doka ta fi tsananta a kansu, ba a wuce na kwana 30, kuma sai an bayyana su.

Faransanci ne harshen hukuma a lardin, dokar 1977 ta ƙarfafa shi. A tsakiyar gari kusan kowa na jin Turanci, amma fara da gaisuwarsu ta bonjour kafin komai, za ka ga bambanci a fuska. Wanda ya koyi Faransancinsa a Maraɗi ko Damagaram ya kula da wannan: a Kebek déjeuner karin kumallo ne, dîner abincin rana, souper na dare. An gayyace ka dîner ka zo da magariba, ka tarar an watse. A takardar abinci a lura da porc, jambon, lardons da saindoux, duk alade ne, vin da bière kuma giya. Wake da suke kira fèves au lard da kitsen alade ake dafa shi, miyar da ake zubawa a kan dankalin poutine ma sai an tambaya. Abincin halal ya fi yawa a unguwar Petit Maghreb da ke titin Jean-Talon kusa da tashar Saint-Michel, da Côte-des-Neiges, da Parc-Extension. Akwai masallacin Juma'a a titin Saint-Dominique, tafiyar ƙafa daga zauren taro. Alƙibla na arewa maso gabas, wajen digiri 58 daga arewa, kuma kada a dogara da est da ouest, wato gabas da yamma, na sunayen tituna, don gabas ɗinsu bin kogi take yi, ta karkata arewa sosai. A yi amfani da kamfas na waya. 'Yan'uwanmu Kirista kuma ga Oratoire Saint-Joseph a ɗaya gefen dutsen, majami'a mafi girma a Kanada, kusa da tashar Côte-des-Neiges.

Farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba. Ana ƙara harajin tarayya kashi 5 da na lardi kashi 9.975 cikin ɗari a wajen biya, kusan 15 ke nan, sannan a gidan abinci ana barin wa mai hidima wani kashi 15. Abincin dala 20 ya tashi 26. Otal kan riƙe wani kuɗi a katinka har ranar fita, a tabbatar katin dala na da rara. Wutarsu bolt 120 ce, soket ɗin mai siraran baki biyu. Cajar waya da ta kwamfuta za su yi aiki da ɗan mahaɗi, dutsen guga da butar lantarki na gida ba za su yi zafi yadda ya kamata ba.

Kafin a bar zaure ranar ƙarshe a karɓi takardar shaidar halarta mai nuna sa'o'in da aka zauna, don ita za a gabatar wajen makin sabunta lasisi, ita kuma wurin aiki zai nema. A dawo ranar da aka rubuta a takardar izini, domin duk wanda ya maƙale ya ƙara wa na bayansa wahalar biza. Tsaraba kuma, ruwan zaƙin mapul da bazara ake tatsarsa, amma ana samunsa duk shekara a kasuwar Jean-Talon da manyan kantuna. Na gwangwani mai mililita 540 ya fi na kwalbar ado arha kuma ba ya fashewa. A sa shi cikin babbar jakar da za a auna, don in yana jakar hannu masu bincike za su karɓe shi a ƙofar shiga jirgi.

Mun gode da wannan fili. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.

Naka,
Wasu likitoci da ma'aikatan jinya,
Jos, Jihar Filato.